Tambayi Likita: Hunturu, Tari da Kafson Kyamis

Tun da iskar gabas ta juyo hazo ya sauka, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka koma kusan abu ɗaya: tari, mura, ciwon maƙogwaro, da wane magani za a saya. Na ware guda shida. Wasu na rage musu tsawo saboda wuri, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba. Masu tambaya kan hawan jini da gyambon ciki su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa biyu da wata uku. Duk hunturu sai ya yi ta mura da tari, wani lokaci har da zazzaɓi. Nakan aika kyamis a sayo mini amoksisilin na ruwa in ba shi kwana biyu ko uku, in ya ji sauƙi in ajiye sauran. Surukata ta ce sanyi ne ya shige shi, ta hana a yi masa wanka, da dare kuma da kaskon garwashi muke kwana a ɗaki. Bara ɗan maƙwabciyata ya rasu, aka ce nimoniya ce. Yaya zan gane mura daga nimoniya? Daga wata uwa a Gusau.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana shi, ita kuma maƙwabciyarki Allah ya ba ta haƙuri.

Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa, don ita ce mai ceton rai. Ba a gane nimoniya da ƙarfin tari. Yaro zai yi tarin da zai hana gida barci alhali huhunsa lafiya lau, wani kuma ɗan tari ne jefi-jefi amma huhu ya riga ya kamu. A numfashi ake ganewa. Ki bari sai ya yi shiru ko ya yi barci, ba lokacin da yake tsala kuka ba. Ki ɗage masa riga, ki saita minti ɗaya cif a wayarki, ki ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga. Ɗagawa da sauka, ɗaya ke nan. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ƙirgen ya kai 60, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, 50 ne. Daga shekara 1 zuwa 5, inda naki yake, 40. Ki rubuta 40 ɗin nan a bayan katin rigakafinsa, don ranar da hankalinki ya tashi ba za ki tuna ba.

Sai kuma ki dubi ƙasan haƙarƙarinsa. Mai lafiya in ya ja numfashi, ƙirji da ciki tare suke buɗewa. Mai nimoniya in ya ja, sai ki ga ƙasan awazun ya lotsa ciki, ƙofofin hanci suna buɗewa suna rufewa, wani lokaci da ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi. Saurin numfashi ko lotsawar nan, asibiti a ranar. In kuwa ya ƙi shan nono ko ruwa, ko duk abin da ya shiga cikinsa sai ya dawo, ko ya fara jijjiga, ko barci ya danne shi ana tashinsa ba ya tashi, ko leɓensa ya yi duhu, to ko ƙarfe biyun dare ne a fita. A nan ina roƙon maigidanki, in zai ga wannan, ya ba ki izini tun yau cewa duk ranar da kika ga alamun nan ki kama hanya ko ba ya gari. Na sha karɓar yaran da aka zauna da su tun hantsi har isha ana jiran uba ya dawo daga kasuwa, uwar kuwa tun safe ta ga abin da ta gani.

Yanzu batun amoksisilin. Mura ƙwayar birus ce ke kawo ta, maganin bakteriya irin amoksisilin kuwa ba ya taɓa birus ko kaɗan. Sauƙin da kike gani bayan kwana uku, da ma murar za ta yi shi ko ba ki ba shi komai ba. Takan ɗauki mako ɗaya zuwa kwana goma, tarin kuma ya ɗan jima bayan nan. Abin da ya fi damuna, amoksisilin ɗin nan shi ne ainihin maganin da muke fara ba mai nimoniya. Kina ba shi rabi-rabi duk wata, ƙwayoyin da ke zaune a hancinsa suna sabawa da shi, ranar da ake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi ci. Ragowar da kike ajiyewa kuma ki zubar. Da zarar an zuba wa garin ruwa, bayan mako ɗaya zuwa biyu ya tashi daga aiki, ko da a firiji yake. Don mura, ga abin yi: ruwa da kunu a kai a kai, farasitamol in akwai zazzaɓi, ɗigon ruwan gishiri na hanci in ya toshe, da ƙaramin cokali na zuma kafin barci tunda ya haura shekara. Jaririn da bai shekara ba, ba a ba shi zuma. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu kuma a je a gwada jini, don sauro bai san hunturu ba.

Surukarki ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, kada ki je ki ce likita ya ƙaryata ta. Gaskiya ne a wannan lokaci ciwon ya fi yawa. Sai dai ba sanyin ne ke shiga ƙirji ya zauna ba. Bakteriyar da ta fi kawo nimoniya tana nan a hancin yara da yawa masu lafiya, ba ta yi musu komai. Sai mura ta raunana hanyar iska, ƙura da hayaƙi suka ƙara, sannan ta samu gangarawa huhu. Wanka da ruwan ɗumi da rana tsaka, a goge shi, a shafa masa mai, a sa masa riga mai kauri, ba ya kawo nimoniya. Kaskon nan ne zan yi faɗa a kansa. Hayaƙin itace da gawayi na cikin manyan abubuwan da ke jawo wa yara ciwon huhu, sannan garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum yana barci ta wuce da shi. In dole ne, a ɗumama ɗakin da wuri, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo.

Ki duba katinsa: allurar Penta da ta nimoniya sau uku-uku, a sati 6 da 10 da 14, sai ta ƙyanda a wata 9 da wata 15. In akwai gurbin da ba a cike ba, ki kai shi, ba a makara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000 a 2019, ƙiyasin UNICEF na 2018 kuma ya sa Najeriya a kan gaba a duniya da yara 162,000. Yawancinsu da an ƙirga musu numfashi da wuri, maganin kwana biyar ya ishe su.

Likita, ina da almajirai kusan sittin. Da sanyi sukan cunkushe a zaure biyu su toshe ko'ina. Na ji ana cewa sanƙarau ciwon zafi ne, to me ya sa ma'aikatan lafiya suka fara zuwa mana tun yanzu? Kuma manyan cikinsu an yi musu allurar sanƙarau shekarun baya, ba ta wadatar ba? Daga wani malamin tsangaya a ƙasar Gumel.

Allah ya gafarta Malam. Ma'aikatan nan sun zo a kan kari. Mutane suna danganta sanƙarau da zafi saboda a watan Maris da Afrilu yake kai ƙololuwa, amma tun Disamba yake fara ɗaga kai, ba ya kuma lafawa sai ruwan farko ya sauka. Annobar da ta faro daga Zurmi ta Zamfara, a Disambar 2016 ta fara, cikin sanyi. Kafin ta lafa a tsakiyar 2017 an lissafa mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu, akasari a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu. Ta 1996 kuwa Malam ya fi ni sani: sama da mutum 100,000 a Najeriya kaɗai, rayuka fiye da 11,000.

Mu muna tsakiyar wani zirin ƙasa ne da ya taso daga Senegal har Habasha, ƙasashe 26, wanda wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana iyakarsa a 1963. Ba wani wuri a duniya da ciwon nan ke yi wa ɓarna irin nan, kuma dalilin yana cikin iskar da muke shaƙa. Ƙwayar tana zaune a maƙogwaron mutane masu lafiya, a lokacin da babu annoba ma kusan ɗaya cikin goma na iya ɗauke da ita bai sani ba. Malam ya ga yadda leɓe ke tsagewa da hanci ke haɓo a hunturu. Haka fatar cikin hanci da maƙogwaro ke bushewa ta daddare saboda ƙura da rashin danshi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan ƙwayar ta faɗa jini, ta haye zuwa rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Tsakanin mutum da mutum kuwa ta tari da atishawa da numfashin kusa take bi. Yara talatin a zaure guda, kai da kai, an toshe taga da buhu, babu abin da take so kamar haka.

Na san Malam ba zai gina ɗakuna a mako guda ba, don haka ga abin da ke yiwuwa. A bar taga ko da ɗaya a buɗe ta ɓangaren da iska ba ta bugowa. A raba su kwana in akwai wani shago ko rumfar da za a kange. In wuri ya ƙure, a jera su kai da ƙafa maimakon fuska da fuska. A yayyafa ruwa kafin shara. Mai tari ya rufe bakinsa da gefen riga, kofin sha kuma kada ya zama ɗaya ga kowa. Wutar karatun dare a waje take, wannan babu laifi, sai dai ƙananan su zauna ta inda hayaƙin ba ya bi.

Game da allura: wadda aka yi wa manyan, in a zagayen 2011 zuwa 2014 ne, MenAfriVac ce. Ta yi aiki ƙwarai, don nau'in A da ya yi ɓarnar 1996 kusan ya ɓace tun daga lokacin. Amma ƙwayar dangi-dangi ce, waccan allura kuwa A kaɗai ta sani. Ta Zamfara nau'in C ce, haka wadda ta afka wa Yamai a 2015. Shi ya sa aka fito da sabuwa mai kare nau'i biyar, A da C da W da X da Y. Najeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da ita, a Maris 2024, kuma Jigawa na cikin wuraren da aka fara. Saboda haka in sun zo da ita, a yi wa kowa, har wanda aka yi wa ta da. Na san abin da ke zukatan mutanenmu tun gwajin maganin da wani kamfanin Amurka ya yi kan yara a Kano cikin annobar 1996, kuma ba zan ce wa kowa ya manta ba. Amma wancan gwaji ne na maganin da ba a gama tantancewa ba, wannan kuwa allura ce da aka gama bincikenta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2023. Malam yana da haƙƙin ya ce a nuna masa kwalbar, ya tambayi sunanta, ya ga an buɗe sabon sirinji ga kowane yaro.

Abin da nake so gardawan Malam su haddace shi ne alamun. Zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, wuya ya ƙi lanƙwasuwa. Gwajin mai sauƙi ne: a ce yaro ya sa haɓarsa a ƙirji. In ya kasa, ko ya yi ƙara, ko ya fara sambatu, ko wasu ɗige-ɗige masu duhu suka fito a fata, kada a jira asuba. Ciwon nan yana iya kashewa cikin kwana ɗaya. A yi addu'a a kan hanya, a sha rubutu in an dawo. A asibiti za su so su ɗibi ruwan baya, a bar su. Ba ya gurgunta mutum, shi ne ke nuna wace ƙwaya ce, allurar seftiriyakzon kuma tana aiki sosai in an fara da wuri. Wanda ya warke a gwada jinsa, domin kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi yakan bar su da wani tabo, kurumta ce ta fi yawa. Kuma ko yaro ɗaya ne ya kamu, a sanar da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, saboda sauran da suka kwana tare da shi.

Yallaɓai, ni ɗan adaidaita ne, kullum ina cikin ƙura. In majinata ta koma kore sai in sayi ja-da-yalo guda huɗu in watsa, kwana biyu na miƙe. Amma tarin bana ya ƙi tafiya, yau wajen sati uku ke nan, ga zufa da dare duk da sanyin nan. Wane kafso ya fi ƙarfi? Daga wani matashi a Kano.

Ƙanena, ba zan faɗa maka sunan wani kafso ba, kuma ka yi haƙuri da abin da zan ce. Tarin da ya kai sati biyu, balle ga zufar dare, in kuma ka lura wandonka ya fara yi maka yawa ko akwai zazzaɓin yamma, sai an gwada kakinka don tarin fuka. Ban ce shi ne ba, ƙura da hayaƙin salansa kaɗai suna iya riƙe mutum da tari. Amma ba a cire shi da ka. Gwajin kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke da sashen tarin fuka, maganin ma kyauta, wata shida ana sha, kuma ana warkewa sarai. Ka je cikin makon nan, domin kana kwana da iyali kana kuma ɗaukar fasinja. Kada ka sha wani kafso kafin gwajin: akwai waɗanda ke danne tarin fuka na ɗan lokaci su ɓata gwaji, ciwon yana nan yana ci.

Koren majina ba shaidar bakteriya ba ce. Sojojin jini ne da suka taru suna faɗa da mura ke canza mata launi, ko ka sha magani ko ba ka sha ba za ta washe. Kafso huɗu kuwa ba ya kashe komai, horar da ƙwayoyin yake yi. Alexander Fleming da ya gano fenisilin ya yi wannan gargaɗi tun 1945, cewa shan abin da bai kai ba zai koya wa ƙwayar jure magani. Ga shi mun gani: wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. Muna gani a gadon asibiti, maganin da a da sha uku yake tayar da mutum yanzu sai an koma allura mai tsada.

Ban ɗora wa mai kyamis laifin duka ba. Mutum ya zo da 'yan canjinsa ya ce a haɗa masa, in bai haɗa ba na gaba zai haɗa. Amma kai da jikinka ne. Ka sa takunkumi ko ka naɗa rawani ya rufe hanci in kana kan titi, ka riƙa shan ruwa ko ba ka jin ƙishi, in ka dawo ka wanke hanci da ruwan ɗumi. Shayin citta da kanumfari da lemon tsami ba ya kashe ƙwaya, amma yana sanyaya maƙogwaro. Ja-da-yalon nan kuma kada ka kuskura ka ba yaro ko mai ciki, yana ɓata haƙoran yara har abada.

Likita, jikata mai shekara bakwai maƙogwaro ya kama ta, ba ta iya haɗiye ko koko, wuyanta ya ɗan kumbura. Wanzamin gidanmu ya ce beli ne ya sauko, a cire. Uwarta ta ƙi. Ni dai duk 'ya'yana an cire musu ba abin da ya same su. Wa ke da gaskiya? Daga wata kaka a Damagaram.

Inna, ina gaisuwa. A wannan karon ki bar wa uwar yarinya. Allah ya tsare naki 'ya'yan, mun gode masa, amma ba kowa ya tsira ba, waɗanda ba su tsira ba mu ake kawo wa: jinin da ya ƙi tsayawa, ciwon da ya ruɓe, wani ma tetanus mai sandarar da jiki. Beli ba ya kawo ciwo, kumbura yake yi tare da sauran maƙogwaro in ciwo ya zo, in ciwon ya tafi ya koma yadda yake.

Abin da ya sa na sa wasiƙarki a gaba da wasu shi ne kumburin wuyan nan. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya dawo mana, Kano ce ta fi jin jiki, sai Yobe da Katsina da Bauchi da Borno, a 2023 kuma ya bayyana a jiharku, musamman wajen Matamaye. Akasarin waɗanda ya kama yara ne da ba a yi musu rigakafi ba ko ba a kammala ba. Ki kai ta wurin haske, ta buɗe baki, ki haska da tocila. In kin ga wani abu fari-fari mai ruwan toka ya manne a bayan maƙogwaro, kada kowa ya sa yatsa ko tsinke ya ce zai kankare. Jini zai yi, yana kuma iya toshe mata numfashi. Aska a irin wannan maƙogwaro kuwa ba na ma son in tuna. Ƙwayar mashaƙo dafi take saki, dafin ya bi jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi, wani lokaci sai bayan makonni an ɗauka yaro ya warke. Akwai allurar karya dafin, amma tana aiki ne kan wanda bai riga ya kama nama ba, shi ya sa kowace rana ke da tsada. A kai ta yau, a raba mata kofi da cokali da wurin kwana, sauran yaran gidan kuma a tafi da katinsu.

In an duba ba mashaƙo ba ne, zuwan bai zama asara ba. Akwai wata bakteriyar maƙogwaro da ta fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15: zazzaɓi, zafin haɗiya, kaluluwa a wuya, galibi ba tari ba majina. Ita ce in an yi sakaci take komawa ciwon gaɓoɓi, daga baya ta lalata ƙofofin zuciya, sai a ga budurwa ko mai cikin fari tana haki ba a san mafari ba. Maganinta fenisilin ko amoksisilin ne na kwana goma cur. A nan kam, Inna, aikinki ne: kwana uku za ta ware ta fara wasa, uwar ta yi sanyi da ba ta, ke za ki tsaya sai an cika goman. Kafin nan ta riƙa kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a ba ta abinci mai ruwa-ruwa.

Ina noman rani, ƙafata kullum cikin ruwa da taɓo. Faso ya tsattsaga mini dunduniya, ɗaya har tana ruwa. Ina da ciwon suga. Na ɗiga man birki ban ga canji ba. Daga wani manomi a Kura.

Baba, man birki na mota ne, a daina. Faso ga kowa abin haushi ne, ga mai suga kuwa ƙofa ce. Suga yana kashe jin ƙafa ya kuma rage gudun jini, sai ciwo ya yi zurfi mutum bai ji zafi ba. Wadda ke ruwan nan a kai asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, a wanke, a auna suga, a yi maka allurar tetanus tunda cikin ƙasa kake aiki. In ka ga ja yana hawa sama, ko wari, ko wurin ya yi baƙi, ko zazzaɓi, to a ranar. Ɗayar kuma kowane dare a wanke da ruwan da ka gwada da gwiwar hannu, a tsane har tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya, a sa safa. Kada a yanke kaushi da reza, kada kuma a miƙa ƙafa ga wuta don jin ɗumi. Masu suga da yawa a haka suke ƙonewa ba su sani ba. Takalmin roba mai tsawo ya fi buhun taki araha.

'Yata mai shekara uku tana da sikila. Duk sanyi muna asibiti. Akwai abin da zan ƙara? Daga wata uwa a Zariya.

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa, Allah ya ba ki lada. Kin riga kin san sanyi da ƙarancin ruwa suna tayar da ciwon ƙashi, don haka safa da hula da ruwan ɗumi, da shan ruwa ko ba ta nema ba. Abin da iyaye da yawa ba a gaya musu ba shi ne saifar mai sikila tana daina aiki tun yana ƙarami, ita ce kuwa ke tace irin bakteriyar da ke kawo nimoniya da sanƙarau. Shi ya sa dokar da na ba uwar Gusau, ta a jira a ga yadda mura za ta yi, ba ta hau kanki ba. Ki sayi ma'aunin zafi ki ajiye. In ya nuna 38 ko sama, asibiti a ranar, ko da tana wasa. Ki tambayi likitanta batun fenisilin na kullum da ake ba yara masu sikila har su kai aƙalla shekara biyar, wannan yana cikin 'yan wuraren da shan maganin bakteriya ba tare da ciwo ba yake daidai. Ki kuma tafi da katin rigakafinta a zuwa na gaba, a duba ko akwai ƙarin allurar nimoniya ko ta sanƙarau da ta dace da ita.